Word Ba Tafireta Ba Ce

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Kabiru, ga kuma Malam Isa. Malam, kafin mu shigo kake ba mu labarin wani rahoto da aka kawo maka.

Malam Isa: Shafi 60 ne, wata baiwar Allah ta kwana biyu a kansa. Da na buɗe na danna Ctrl da Shift da 8, wato abin da ke tona alamomin da manhajar rubutu ta Word ke ɓoyewa, sai ga shafi ya cika da ɗige-ɗige. Duk kan maganar da take so a tsakiya, da sifes, wato maɓallin ba da tazara, ta yi ta tura shi. Duk inda take son sabon shafi, Enter ta yi ta bugawa har ta gangara. Tausayinta ya kama ni, domin ƙoƙari kam ta yi, nuna mata ne ba a yi ba.

Kabiru: To ina illar, Malam, tunda in an buga a takarda ba a gani?

Malam Isa: Sai ranar gyara, Kabiru. Ka ƙara layi ɗaya a shafi na 3, komai na ƙasa ya goce. Alhali Ctrl da Enter na buɗe sabon shafi, Ctrl da E na kai rubutu tsakiya. Babban abin kuwa shi ne kanun babi. Kada ka ƙara masa kauri da girma da hannu, ka ɗora masa Heading 1, ko ka danna Ctrl da Alt da 1. Daga nan Word ta san babi ne. Ka shiga References, ka zaɓi Table of Contents, sai ga jerin abubuwan da ke ciki har da lambar shafi. In shafuka suka motsa, F9 kawai za ka danna a kansa.

Zainab: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Rai na ɓaci in ga an rubuta kasa alhali ƙasa ake nufi.

Malam Isa: Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, Malama Zainab. Kowane harafi na da lambarsa: ƙ 0199 ce, ɗ 0257, ɓ 0253. A Word ki rubuta lambar, ki danna Alt da X, ta rikiɗe. Sai dai akwai tarko. In harafin da ke gabanta "a" ne, kamar a kalmar baƙo, Word na haɗa shi cikin lambar ta ɓata lissafin. Shi ya sa na fi son a shiga Insert, sannan Symbol, a nemo harafin, a ba shi maɓallinsa ta Shortcut Key. Sau ɗaya ake yi.

Zainab: Wanda ya riga ya cika takarda da k' fa?

Malam Isa: Ctrl da H. Ki sa k' a sama, ƙ a ƙasa, ki kunna Match case don kada manyan baƙaƙe su bi sahu, ki danna Replace All.

Kabiru: Bari in kawo ƙarar Excel, manhajar nan ta lissafi. Na shigar da lambobin waya, sifirin farko duk ya ɓace.

Malam Isa: Ai ita Excel gani take lissafi ka ba ta, kuma sifiri a gaban lamba ba shi da daraja a lissafi. Ka mayar da tsarin layin zuwa Text tun kafin ka fara, ko ka sa waƙafin sama (') kafin lambar. Wanda ya fi wannan haɗari: Excel ba ta riƙe abin da ya wuce lambobi 15. Ka ba ta mai 16, ta mayar da ta ƙarshe sifiri, ba ta ce maka uffan ba, kuma in ka adana shi ke nan.

Zainab: Ashe ba a kanmu kaɗai take ba. A 2020 sai da masana suka sauya sunayen wasu ƙwayoyin gado irin su MARCH1 da SEPT1, saboda Excel na mayar da su kwanan wata.

Malam Isa: Haka aka yi. A shekarar kuma a Ingila, sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ya salwanta daga ƙidaya, domin an yi aiki da tsohon tsarin fayil na Excel, wato XLS, mai layi 65,536 kacal. Na yanzu, XLSX, ya haura miliyan ɗaya. Mutane ne fa masu cuta, aka makara wajen neman waɗanda suka yi hulɗa da su. Don haka ku riƙa duba wutsiyar sunan fayil.

Kabiru: Ba ta da abin yabo ne, Malam?

Malam Isa: Tana da shi mana! Kana da sunaye 300 a haɗe, kana so ka ware sunan farko. Rubuta na mutum ɗaya a layin gefe, ka sauka ƙasa, ka danna Ctrl da E. Tun Excel 2013 take gane abin da kake nufi ta cike sauran. Amma ka bi su da ido, masu suna uku kan rikita ta. Jimla kuwa, Alt da alamar daidai.

Zainab: Lokaci ya ci mu. Nawa guda ɗaya ne: maɓallin Windows da V. Yana tuna abubuwa har 25 da kuka kwafa, ba na ƙarshe kaɗai ba. Karon farko zai nemi ku kunna shi. Malam, mun gode ƙwarai.

Malam Isa: Ni ne da godiya. Kabiru, kawo fayil ɗin nan naka mu dawo da sifiran kafin ka tafi.