Yadda Ake Sauraron Ƙasan Ruwa

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa masunta da manoman rani a wani ƙauye da ke bakin Dam ɗin Tiga.)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, Sarkin Ruwa, iyayena da 'yan uwana, sannunku da hakurin zama.

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa sayen randa ya ga yadda take yi. Ta ɗaga, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kasa kunne. Mai lafiya ta ce ƙal, mai tsaga ta ce ɓub. To, na'urar da ake kira sona aikinta ke nan, sai dai ita ƙasan teku take ƙwanƙwasawa.

Ana maƙala ta a cikin jirgi, ta harba ƙara cikin ruwa, ta jira amsa-kuwwa. A iska, sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa guda. A ruwan teku kuwa, kusan 1,500. Idan amsar ta dawo bayan daƙiƙa ɗaya, zurfin mita 750 ne, tunda zuwa da dawowa ta yi. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 aka duƙufa kan wannan bincike, kuma tsakanin 1925 da 1927 jirgin Jamus mai suna Meteor ya auna zurfin tekun Atilantika da haka.

Amma zurfi ba shi ya kawo ni ba. Ƙarfin amsar shi ne maganar. Dutse da tsakuwa kan maido da ƙara da ƙarfi, a warwatse. Yashi na biye musu. Taɓo kuwa, da yake ya sha ruwa ya yi laushi, haɗiye yawancinta yake yi, amsar ta dawo a raunane. Idan aka aika ƙara mai kauri, irin ta babbar ganga, takan ratsa lakar ta taɓo tsohuwar ƙasar da ke ƙarƙashi, sai amsa biyu su dawo. Daga tazararsu ake lissafa kaurin lakar.

Na'am, Baba? Eh, gaskiyarka, gwangwalar da kake tura kwalekwale ma tana gaya maka hakan. Inda ba ta kaiwa ne ake neman na'ura. Kuma ita ma takan ruɗe: iskar da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa cikin laka kan sa taɓo ya amsa kamar tsandauri. Shi ya sa dole a jefa guga mai baki a ɗebo samfur, a murza a hannu, a gwada da abin da ta faɗa.

Abin da ke damuna, wallahi, shi ne dam ɗin nan. Tun 1974 yake tare ruwa, kuma kowace damina rafuka na zubo masa ƙasar gonakinmu. Gurbin da laka ta cinye, ruwan tumatir da alkamar Kadawa ne ya ragu. Ƙaramar na'ura irin wannan kwalekwale ɗaya ya ishe ta, amma sai da wanda ya san inda tsohon kwarin kogin ya bi. Sarkin Ruwa, idan masu awo suka zo, ku za ku shige gaba.