Lissafin da ke Tafiyar da Jama'a a Mina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku dubi wannan hoton da ke kan allo: gadar Jamarat ce a ranar jifa. Duk wanda ya tashi a Makka, ko a Shara Mansur ko a Misfala, ya san cunkoson Hajji da jikinsa. Wasunmu sun tura tsofaffi a keke, wasu sun raba ruwa a hanyar Muzdalifa. Mun san lokacin da ƙafa ke daina bin umarnin mai ita, jama'a su ɗauke ka su yi gaba da kai. Abin da nake so in nuna muku yau shi ne wannan abin da jikinku ya sani yana da lissafi, kuma akwai sashen da ake karanta shi a jami'a. Larabawa na ce masa riyadiyyat taɗbiƙiyya, mu ce lissafin aikace.

Bari mu yi misali tare. A ce faɗin hanya mita 10 ne. A kowace murabba'in mita akwai mutum 2, kowa na tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa. Mutum nawa za su wuce ta gabanka a daƙiƙa guda? Ka ninka faɗi da yawan mutane da sauri, ka samu 20. A awa ɗaya, mutum 72,000 ke nan.

To, yanzu a ƙara tura jama'a, har murabba'in mita ta ɗauki mutum 6. Hankali zai ce ai masu wucewa sun ninka uku. Ina! Idan kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, taku ya gajarta. A ce saurin ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin biyar na mita a daƙiƙa. Sake ninkawa: 12 kacal ke fita a daƙiƙa. Amma na baya ba su san me ke faruwa a gaba ba, suna nan suna shigowa 20 a daƙiƙa. Kowace daƙiƙa mutum 8 na taruwa a wurin da babu inda za su sa ƙafa. Minti ɗaya, mutum 480. Ku tsaya ku yi tunanin wannan adadin, ku sa kakarku a tsakiyarsa.

A ranar 12 ga Janairun 2006, mahajjata sama da 340 suka rasu a mashigar tsohuwar gadar, Allah ya jiƙansu. Bayan haka masu bincike Dirk Helbing da Anders Johansson suka zauna da hotunan bidiyon wannan rana, suka sa kwamfuta ta bi motsin kawunan mutane. Sun ga tafiya ta fara lami lafiya, sai ta koma a tsaya a tafi, a tsaya a tafi, daga nan sai taron ya shiga tangal-tangal, ana jefa mutum ko'ina ba da sonsa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne alamun haɗarin sun fito a cikin alƙaluma mintuna kafin kowa ya faɗi. An rushe tsohuwar gadar, aka gina sabuwa mai hawa-hawa, mashiga daban mafita daban, kowa ya fuskanci gaba, kowace tawaga da lokacin jifarta. Wannan jadawalin da mutawwifi, mai kula da mahajjata, ke miƙa wa shugaban tanti, lissafi ne a bayansa. Aikin kuma bai ƙare ba, domin turmutsutsun 2015 a mahaɗar tituna ya auku a cikin Mina, ba a kan gadar ba.

Me ake karantawa a sashen? Ba zan ɓoye muku ba, shekara biyun farko babu Mina a ciki, babu hoto. Akwai tafaduli da takamuli, wato lissafin yadda abu ke sauyawa da yadda yake taruwa. Akwai aljabra ta jerin lambobi. Sannan darasin da ya fi ba ni wuya, mu'adalat tafaduliyya, wato ma'aunin lissafi da ke haɗa abu da saurin sauyawarsa. Na faɗi jarrabawarsa ta farko. Na haddace hanyoyin warwarewa kamar yadda na saba a sakandare, sai malamin ya kawo tankin ruwa mai yoyo ya ce mu gina ma'aunin da kanmu. Ban rubuta ko layi uku ba. Daga ranar na fahimci cewa rabin aikin shi ne ka dubi abu na zahiri, ka zaɓi abin da za ka ƙirga da abin da za ka yi watsi da shi. Daga baya ƙididdiga da ihtimalat, wato lissafin yiwuwar faruwar abu, su shigo, sai kuma rubuta manhaja da Python ko MATLAB, saboda yawancin matsalolin gaske alƙalami ba ya iya gama su, sai dai kwamfuta ta kusanto amsar kaɗan-kaɗan.

Inna ta tambaye ni lokacin da na zaɓi sashen: "Yanzu duk wannan wahala don ka koyar da yara jimla?" Na ce, "Inna, koyarwa ma alheri ce, amma akwai wasu ƙofofin." Masu wannan ilimi suna aiki kan yadda man fetur ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, da hasashen yanayi, da inshora, da tsara zirga-zirgar jirgin ƙasan Masha'ir da ya fara aiki a 2010.

Wuraren karatu kuwa, Ummul Ƙura na nan a gida, tana da cibiyar binciken Hajji da Umara. Akwai Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, da ta Sarki Fahad a Zahran. A Suwal, arewa da Jidda, akwai KAUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdallah, da aka buɗe a 2009, mai shirin digiri na biyu da na uku a lissafin aikace da ilimin kwamfuta, da babbar kwamfutarsu Shaheen. A KAUST da Zahran da Turanci ake karatu, don haka ƙannena ku fara gyara Turancinku tun yanzu, tare da shirin jarrabawar shiga jami'a, Ƙudurat da Tahsili. Masu iƙama su bincika minha ta cikin gida, wato tallafin karatu, da jami'o'in gwamnati ke bai wa mazauna ƙasa. Roƙona ɗaya: kada ka shigo don likitanci ya ƙi ka. Wanda ba ya jin daɗin kwana da tambaya ɗaya a kai zai sha wuya a nan.

Ga aikin da zan bar muku. Ranar Juma'a bayan sallama, ka tsaya gefen ƙofar masallacin unguwarku. Ka auna faɗinta da takunka, ka ƙirga masu fita a minti ɗaya lokacin da ake tafiya a sake, ka sake ƙirgawa lokacin da aka cushe ana neman takalma. Ka rubuta lambobin biyu a takarda, da su za mu fara bidiyo na gaba in Allah ya kai mu.