Yadda Ƙasa Ke Faɗin Shekarun Ganuwa

Jama'a, duk wanda ya taɓa haƙa harsashin gini ko rijiya a Legas, daga Agege har Ajah, ya san ƙasa hawa-hawa take. A sama shara da ɓaraguzan bulo, sai yashin ciko, can ƙasa kuma jar ƙasa ko baƙar laka. Wannan jerin shi ne jarin masu binciken kayan tarihi. Muddin ba a taɓa tona wurin ba, abin da ke ƙasa ya riga na sama zuwa.

Shi ya sa ba sa gaggawa. Igiya suke ja su keɓe ɗan fili, su riƙa kankarewa da cokalin magina, suna tankaɗe ƙasar da rariya. Ko tsingaro ne, sai an rubuta zurfin da aka same shi.

To, idan aka ci karo da katangar dutse a binne fa, irin ta Surame, birnin Kanta na Kabi? Dutse ba ya faɗin ranar da aka jera shi. Sai a nemi gawayi a ƙarƙashin harsashin. Akwai sinadarin kabon-14 a cikinsa, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 5,730. In awo ya nuna gawayin ya shekara 600, to katangar da ta danne shi ba ta girme shi ba.

Ba sai mun je nesa ba. Kusa da Epe akwai Eredo, ganuwar ƙasa da ramin da suka kewaye ƙasar Ijebu, tsawonsu kusan kilomita 160. Mutanen wurin na jingina ta ga Bilkisu Sungbo, wasu ma har suna cewa ita ce Bilkisun zamanin Annabi Sulaiman. Labarin da daɗin ji, amma gawayin da aka tono a wani sashen ganuwar, a garin Oke-Eri, ya nuna ƙarni na 14 zuwa na 15 ne. Badalar Kano, da Sarki Gijimasu ya soma wajen 1095, ta girme ta ke nan.

Saboda haka malam mai diga, in ka ci karo da tsohuwar tukunya ko jerin duwatsu, kada ka tumɓuke. Da zarar ta bar gurbinta, shaidar shekarunta ta tafi. Ɗauki hoto tana nan yadda take, ka sanar da gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan.