Idan binciken faifai ya kayar da kwamfutarka

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya wani maƙwabcina a nan Agege, mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, ya kawo mini kwamfutarsa ta gida. An ɗauke wuta yana tsakiyar aiki. Da wuta ta dawo ya kunna, Windows ta fara binciken faifan ajiya da kanta, wato abin da ake kira chkdsk, ta kai wani wuri ta tsaya cak, sai ga shuɗin allo. Ya sake kunnawa, haka dai. Ya ce, "Malam, wannan chkdsk ɗin ne ya kashe mini kwamfuta." Na ce, "A'a Alhaji, ciwon yana nan tun tuni, shi dai taɓo wurin ya yi."

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da kwamfuta ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba, Windows na iya sa wa faifan ajiya wata alama, a kunnawa ta gaba chkdsk ya duba shi. Idan ka rubuta chkdsk /f, tsarin fayiloli kawai yake gyarawa, mataki uku. Idan kuwa /r ka sa, mataki biyar ne, kuma sai ya karanta faifan gaba ɗaya, lungu da saƙo. Faifan da ya tsufa, wanda wasu sassansa suka lalace, wannan aikin tamkar ɗora wa majinyaci buhun masara ne. Shi ya sa nake jin haushi idan na ga mutum yana ta maimaita /r yana fatan sa'a. Kowane zagaye yana ƙara gajiyar da faifan.

Don haka kafin komai, kwashe kayanka. Idan binciken zai fara, Windows takan ba ka 'yan daƙiƙu ka danna kowane maɓalli don tsallake shi. Ka shiga? Sai ka kwafe hotuna da takardu zuwa filas. Sannan ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, da izinin mai kula da kwamfutar, ka rubuta chkntfs /x C: don a daina binciken a kowace kunnawa. Idan ta ƙi shiga ko kaɗan, cire faifan, ka je Computer Village a Ikeja ka sayi akwatin USB na faifai, ka jona shi a wata kwamfutar.

Bayan haka ka tambayi faifan lafiyarsa. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta bayanan SMART, wato rahoton da faifan ke ajiyewa kan lafiyarsa, ta nuna maka launi. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa an gama. Idan ma kana jin faifan yana ƙas-ƙas a ciki, ba sai ka jira manhaja ba.

To, idan faifan lafiyarsa ƙalau? Rubuta mdsched a Command Prompt ka gwada RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ka duba wayar da ta haɗa faifan ko ta saki, ka kuma share ƙurar fanka, don zafin Legas ba wasa ba ne. Wani lokaci kuma laifin Windows ne da kanta. A watan Disamba na 2020 an fitar da wani sabunti na Windows 10 da ya sa chkdsk /f ke ɓata tsarin fayiloli a wasu kwamfutoci, daga baya Microsoft ta gyara. Idan taka ta daɗe ba a sabunta ta ba, sabunta kafin ka sake gwadawa.

Na Alhaji dai rawaya ya nuna. Mun ceto lissafin albasarsa da hotunan bikin 'yarsa, muka sa masa sabon faifan SSD, na kuma matsa masa ya sayi UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta tafi, kafin a sake ɗauke wuta.