Jacques Vallée: Masanin Kwamfutar da Ya Shafe Rayuwarsa Yana Bin Sawun Baƙin Sama

Ranar 18 ga Afrilun 1961, wani mai kiwon kaji a garin Eagle River na jihar Wisconsin a Amurka, mai suna Joe Simonton, ya ce ya ji wata irin ƙara a ƙofar gidansa. Da ya leƙa sai ya ga wani abu mai ƙyalli kamar an kifa kwano a kan kwano, da wasu gajerun mutane uku a ciki. Ɗaya ya miƙo masa buta, ya nuna alamar yana son ruwa. Simonton ya ɗebo masa, su kuma suka ba shi wani abu mai kamar wainar fulawa, suka tashi sama suka ɓace. Rundunar sojin saman Amurka ta sa aka gwada wainar a ɗakin bincike, aka tarar kayan haɗinta na nan duniya ne.

Jama'a suka yi dariya suka wuce. Amma akwai mutum ɗaya da labarin ya tsaya wa a rai, saboda wani ɗan ƙaramin abu: wainar ba ta da gishiri. Shi kuwa ya karanta a tsofaffin labaran mutanen Ireland cewa halittun ɓoyen ƙasarsu ba sa cin gishiri, kuma sukan roƙi ɗan Adam ruwa ko abinci su ba shi tukwici. Wannan mutumin shi ne Jacques Vallée, kuma yau tarihinsa da littattafansa za mu duba.

An haife shi a 1939 a Pontoise, kusa da Paris. Ya karanta lissafi da ilimin taurari, kuma a 1961 yana aiki a cibiyar nazarin taurari ta Paris. A cewarsa, a nan ne wata rana shi da abokan aikinsa suka bi sawun wani abu a sararin samaniya da ba su gane ba, sai wani na gaba da su ya goge bayanan da suka naɗa don gudun abin kunya. Ya ce goge bayanan ya fi abin da suka gani tayar masa da hankali. A shekarar ne kuma ya ci kyautar Jules Verne da wani ƙagaggen labari da ya rubuta da sunan aro, Jérôme Sériel.

A 1962 ya koma Amurka. A jami'ar Texas ya yi aiki a kan taswirar duniyar Mars ta farko da aka haɗa da kwamfuta domin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Daga nan sai jami'ar Northwestern, inda ya yi digirin digirgir a ilimin kwamfuta a 1967, kuma ya haɗu da J. Allen Hynek, masanin taurarin da ke ba sojin sama shawara a kan rahotannin abubuwan da ake gani a sama ba a san ko mene ne ba, wato UFO. Daga baya ya yi aiki a kan ARPANET, wadda ita ce kakar intanet ɗin da muke amfani da ita yau. Ku riƙe wannan, domin mutumin da muke magana a kansa sana'arsa ce tattara bayanai da tace su.

Littafinsa na farko a wannan fanni, Anatomy of a Phenomenon na 1965, ya karkata ga abin da masu sha'awar fannin suka yarda da shi: jirage ne daga wata duniya. Shekara huɗu kacal bayan haka ya juya wa wannan ra'ayi baya, ya fito da Passport to Magonia a 1969, littafin da har yau da shi aka fi saninsa.

Mece ce Magonia? A ƙarni na tara, babban limamin Kirista na birnin Lyon, Agobard, ya rubuta cewa talakawan yankinsa sun yi imani akwai wata ƙasa a cikin gajimare mai wannan suna, inda jirage ke fitowa su kwashe amfanin gonar da ƙanƙara ta kayar. Har wata rana aka kawo masa mutum huɗu a ɗaure, maza uku da mace ɗaya, ana cewa daga jiragen suka faɗo, ana shirin jefe su. Agobard bai yarda da zancen ba, shi ya kuɓutar da su. Vallée ya ɗauki wannan labari, ya jera shi da na halittun ɓoye na Turai, ya jera su da rahotannin zamani, sai ya ga zubin ɗaya ne. Haske ya bayyana da dare, wasu ƙananan halittu su fito, a ɗauke mutum, ya dawo yana zaton minti kaɗan ya yi alhali an daɗe ana nemansa. Sutura ce kawai ke sauyawa. A zamanin jirgin ruwa sun zo da jirgin ruwa, a zamanin roka sun zo da kumbo. A ƙarshen littafin ya kawo jerin rahotanni 923 na saukar irin waɗannan abubuwa daga 1868 zuwa 1968.

Na san abin da ya zo wa da yawanku a rai yanzu, domin duk wanda ya tashi yana jin labarin mutanen ɓoye ba zai ji wannan zubi baƙo ba. To amma a yi adalci: Vallée bai ce aljanu ne ba, bai kuma ce ya san ko mene ne ba. Iyakar abin da ya tsaya a kai shi ne, lamarin ya girmi zamanin jirgin sama da nisa, kuma yana tasiri a kan abin da mutane ke gaskatawa. Wannan matsayi ya jawo masa baƙin jini ta fuska biyu. Masana kimiyya suna ganin ya zubar da girmansa, masu imani da baƙin wata duniya kuma suna ganin ya ci amanarsu.

Duk da haka sunansa ya ƙara fita. A fim ɗin Steven Spielberg na 1977, Close Encounters of the Third Kind, Bafaranshen mai bincike da François Truffaut ya fito a matsayinsa an gina shi ne a kan Vallée. A 1978 kuma shi da Hynek suka yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da ƙasar Grenada ta kai batun gaban majalisar.

Littafin da ni nake ganin ya fi kowanne amfani shi ne Messengers of Deception na 1979. A nan ya bar kallon sama ya koma kallon mutane. Ya shiga tarukan ƙungiyoyin da ke iƙirarin suna karɓar saƙo daga baƙin sama, ya ga yadda shugabanninsu ke raba mabiya da iyalansu da dukiyarsu, ya yi gargaɗin cewa abin zai iya ƙarewa da bala'i. Cikin waɗanda ya yi magana a kansu har da ƙungiyar Marshall Applewhite da Bonnie Nettles. A watan Maris na 1997, aka tarar da gawarwakin mutum 39 na wannan ƙungiya, wadda a lokacin ake kira Heaven's Gate, a wani gida kusa da San Diego. Sun kashe kansu ne bisa imanin cewa wani kumbo da ke bin tauraruwa mai wutsiya Hale-Bopp zai ɗauke su. Shekara 18 ke nan bayan gargaɗin.

A 1990 ya wallafa wata maƙala mai hujjoji biyar a kan cewa abubuwan da ake gani a sama ba baƙin wata duniya ba ne. Ɗaya daga ciki mai sauƙin fahimta ce ƙwarai: rahotannin sauka sun yi yawan da ya wuce abin da mai binciken wata duniya ke buƙata. Wanda ya iya ratsa tazarar taurari, me zai sa ya yi ta dawowa sau dubbai yana ɗiban ƙasa da ciyawa?

Inda nake da ja da shi kuwa shi ne ingancin wasu labaran da ya dogara da su. Da yawa daga tsofaffin jaridu ya tsinto su, waɗanda ba wanda zai iya komawa ya tabbatar, kuma kamannin labari biyu na iya zama shaida ce kawai ta yadda zuciyar ɗan Adam ke ƙirƙira, ba ta wani abu da ke waje ba. Littafinsa na 2021 tare da Paola Harris, Trinity, a kan wani abu da aka ce ya faɗo a New Mexico a 1945, ya sha suka mai ƙarfi bayan masu bincike sun gano tufka da warwara a maganar shaidun.

Shi kuwa Joe Simonton mai kaji, ya ci ɗaya daga cikin wainar, ya ce ɗanɗanonta kamar kwali. Bayan 'yan jarida sun gama yi masa ba'a, ya ce da abin zai sake faruwa da shi, ba ya jin zai gaya wa kowa.