Don Me Aka Ɗage Tiyatar Baba Saboda Tari?

[Hoto: layin jira a wani asibiti a Birnin Kebbi, da sassafe]

Ga ƙorafin da ke ta yawo a WhatsApp. Mutum ya ɗauko mahaifinsa tun daga Yauri, an kashe kuɗin mota, tsoho ya kwana ba ci ba sha. Gari na wayewa likitan sa barci ya saurari ƙirjinsa, ya ce a koma gida sai bayan 'yan makonni. Wai saboda tari. Aikin kuma a ciki za a yi. To ina ruwan ciki da tari?

[Hoto: ɗan abin gwajin iska maƙale a yatsa]

Abin da likitan yake gudu shi ne a gama aiki lafiya, huhu kuma ya kasa, har sai an jona mutum da na'urar numfashi. Kuma ba da ka yake lissafin ba. A wani bincike da aka wallafa a 2010, likitoci a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen sun bi marasa lafiya sama da 2,400 a asibitoci 59, suka fitar da ma'aunin da ake kira ARISCAT. Abu bakwai yake dubawa: shekaru, yawan oksijin a jini, ƙarancin jini, inda za a yanka, tsawon aikin, ko na gaggawa ne, sai ciwon hanyoyin numfashi a cikin wata ɗaya da ya wuce.

A nan za mu tsaya.

[Hoto: allo, lambobi na hawa]

Mu ce Baba shekararsa 62. Maki 3. Yanka a saman ciki, maki 15. Aikin zai ci awa biyu da rabi, maki 16. Jimla 34, haɗari matsakaici. Yanzu ƙara tarin nan da ya yi da zazzaɓi makonni biyu da suka wuce, har ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Maki 17. Ya zama 51, kuma daga 45 ake shiga rukunin haɗari babba. A binciken nan, kusan mutum 13 cikin 100 ne suka samu matsalar huhu a rukunin tsakiya, a na sama kuwa kusan 42.

Ku lura, wuce shekara 80 maki 16 ne. Wato tarin ya fi tsufa nauyi. Ni kaina sai da na sake duba lambar.

[Hoto: zanen huhu da tantanin da ya raba ƙirji da ciki]

"Ai ya warke," in ji 'ya'yansa. A ido, e. Amma hanyoyin iska kan yi makonni suna nan a kumbure, abu kaɗan ya taɓa su sai su tsuke. A haka za a zura masa bututu a maƙogwaro. Maganin barci kuma yana sa ƙasan huhu ya lotsa, kamar balan-balan da ya sace. Ya farka, ga ɗinki dab da tantanin nan da ke jawo numfashi. Ku gwada yin tari da ɗinki a ciki. Ba zai yi ba, sai ya riƙa shaƙar iska sama-sama. Majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su samu gida, kwana biyu ko uku sai zazzaɓi da haki.

Shekarun Baba ba sa komawa baya, wurin yanka ba ya canzawa. Tarin nan kuwa jira kawai yake so.

[Hoto: ƙurar hunturu a kan hanyar Argungu, mace na hura wutar itace]

Ga inda muke cutar kanmu. Ana tambaya, sai babban ɗa ya yi caraf ya ce "lafiyarsa lau", don kada a ɗage. Haba Yaya! Bari Baba ya amsa da bakinsa. Da hunturu kowa na tari, gaskiya ne, kuma ba kowane ɗan atishawa ke hana aiki ba. Likita ne zai rarrabe, in an gaya masa.

Sauran a gurguje. Sigari da shisha, a bari aƙalla makonni huɗu kafin aiki. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa. Mai minshari ya faɗa, in ya musa a tambayi uwargida. Aikin gaggawa, irin fashewar hanji, ba a ɗage shi don tari, sai dai a ƙara sa ido.

[Hoto: majinyaci rungume da matashi a ciki, yana tari, nas na riƙe da shi]

Bayan aiki kuma ga yadda ake yi: a danne ɗinkin da matashi, a ja dogon numfashi, a yi tarin. In nas ta ce ya tashi ya taka washegari, ku kama masa hannu.