Laccar Malam kan shiga digirin digirgir

Da yawa sun ce in turo musu abin da Malam ya faɗa mana ranar Asabar, to ga shi na saurari rikodin ɗin na rubuta, inda hayaniya ta yi yawa na tsallake.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba ina gaisuwa, ƙannena ɗalibai sannunku da zuwa.

An ce in yi magana kan digiri na uku, wato PhD, wanda mu a nan muke ce wa digirin digirgir. To ni abu ɗaya na zo da shi, kafin ka sayi fom ka tabbata kana da tambaya. Tambaya ɗaya, ƙarama, wadda take hana ka barci. Yawancin masu zuwa ofishina da take suke zuwa ba da tambaya ba, kuma wallahi su ne za ka gani shekara bakwai, takwas ana abu ɗaya, alhali a takarda shekara uku ne ga mai cikakken lokaci.

Ni tarihi na karanta. Ranar da na fara zuwa wajen sufabaizana, wato malamin da ke duba aikina, Allah ya ji ƙansa, da takena na je a rubuce, wai tarihin sana'ar rini a ƙasar Hausa. Ya karanta ya cire tabarau ya ce, ɗana, ƙasar Hausa daga ina zuwa ina? Har da Damagaram da Maraɗi? Daga wace shekara? Na yi shiru. Sai ya ce je ka laburare ka nemo kundin Philip Shea, wanda ya yi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1975 kan rini da cinikin tufafi a masarautar Kano a ƙarni na 19, ka karanta sau biyu ka dawo ka gaya min inda ya tsaya. Wata guda na yi a kai. Da na gama sai na ga ashe rabin abin da nake ganin ni zan gano an riga an rubuta shi tun ban shiga firamare ba, amma kuma sai wata tambaya ta taso min, shin da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, yadin kanti da bulan Turawa suka cika kasuwa, ina marinan suka shiga? Wa ya bari, wa ya dage, da me ya dage? Wannan shi ne giɓin da kuke jin ana faɗa, wato abin da na baya ba su bincika ba, kuma ba a samun sa a kwance a ɗaki, sai an sha karatu. Babi na biyun nan da kuke rainawa, bitar ayyukan da suka gabata, kuna jera wane ya ce, wane ya ce, nan ne gindin aikin gaba ɗaya.

Daga ƙasar Hausa na dawo gari ɗaya, Kura, shekara talatin kacal, kuma duk da haka sai da ya so ya fi ƙarfina.

A Kura akwai wani dattijo da na riƙa zuwa wajensa, hannunsa har wuyan hannu ya rine shuɗi, farcen nan kamar an shafa tawada. Muna zaune a bakin karofi yana juya muciya, ya nuna min yadda ake haɗa baba da toka da katsi, ya ce ta wari yake gane ruwa ya nuna, ya lissafo min Buzayen da suke zuwa sayen turkuɗi tun zamanin mahaifinsa da abin da ake biyan ɗan bugu a mabuga. Hira uku muka yi, kowacce ta fi awa biyu, duk a waya na ɗauka, na ce sai na samu natsuwa zan kwafe. A tasha aka zare wayar. Na koma bayan damina aka ce Baba ya rasu. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, don ba nawa kaɗai ya ɓata ba, ilimin mutumin ne ya tafi. Dan Allah duk abin da ka ɗauko a fili, a daren nan ka tura shi imel ɗinka ko Google Drive, ka kuma rubuta shi a littafi da biro.

Maganar sufabaiza kuma, ku bar duba girman suna kawai. Ka samu ɗaliban da suka gama a hannunsa ka tambaye su a gefe, in an kai masa babi kwana nawa yake yi? Ni ɗaya daga cikin masu duba aikina babi na uku ya yi wata biyar a but ɗin motarsa. Abin da na koya shi ne ka je da ladabi amma kar ka ɓace, duk sati biyu ka leƙa, ranka ya daɗe na zo gaisuwa ne, kuma kar ka naɗe hannu kana jira, ka ci gaba da babi na gaba.

Kuɗi, to a nan ba zan ɓoye muku ba, da tsada. In kai malami ne a jami'a ko kwalejin gwamnati akwai TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarku, 'yan ɓangaren mai da injiniyanci akwai PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, a waje akwai tallafin karatu na Commonwealth ta Ingila da na DAAD ta Jamus. In da aljihunka za ka yi, ka zauna da iyalinka ku yi lissafi tun yanzu, har da kuɗin mota zuwa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, ko ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna, da na buga muƙala a mujalla. Ka kuma sa yajin aikin malaman jami'a a lissafin, na 2020 wata tara aka yi, na 2022 wata takwas, waɗanda suka yi amfani da lokacin suka zauna rubutu su ne suka fara kare kundi da aka dawo.

Ku yi hattara da mujallun nan masu turo imel, turo kuɗi yau a buga maka jibi. Haka masu cewa kawo a rubuta maka. Ko ka tsallake Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ranar baiba, wato ranar kare kundi da baki, mai jarrabawa na waje zai buɗe shafi na 140 ya ce me ya sa ka zaɓi wannan hanyar, kuma wanda ya rubuta maka ba ya cikin ɗakin.

(Nan wata 'yar'uwa ta yi tambaya, ta ce tana da yara uku ga aiki, anya za ta iya?)

Malama za ki iya, na yaye irinki ba ɗaya ba ba biyu ba. Wadda na fi tunawa bayan sallar asuba take rubutu, awa ɗaya kafin yara su tashi, shafi ɗaya kullum, wani lokacin ma rabi. Amma ki fara samun goyon bayan maigida, sannan ki zaɓi fagen bincike kusa da gida, inda za ki je ki dawo a yini guda. Ki same ni a ofis ranar Talata bayan azahar da tambayarki a rubuce, layi biyu ya isa.